Kamarar tsaro a gida: a rumbun wa hotunan iyali ke kwana?

Kamarar tsaro, wadda a da sai a banki ko ma'aikatar gwamnati ake ganinta, yanzu ta shigo unguwa. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ana ganinta a saman ƙofar gida, a bakin kanti, a shagon magani da gidan mai. Masu sayar da kayan lantarki na baje ta kusa da salula da caja, wata ƙarama kamar ƙwan fitila, wata kuma cikin babban kwali, kamara huɗu da akwatin naɗi. Mai saye yakan yi tambaya biyu: nawa ne, kuma ana iya gani a salula? Tambayar da ba a cika yi ba, alhali ta fi waɗannan nauyi, ita ce: hoton da kamarar ta ɗauka a ina yake kwana, kuma wa ke riƙe da makullinsa?

Amsar wannan tambaya ce ke raba kamarorin da ke kasuwa gida biyu. Akwai masu tura hoto ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su, a Sin ko Amurka ko Turai, abin da ake kira ajiyar girgije. Akwai kuma masu naɗe hoton a cikin gidan da aka kafa su, a kan faifan da mai gida ke iya ɗauka da hannunsa. Kamar manomi ne da zai zaɓa tsakanin zuba hatsinsa a rumbunsa da kai shi ajiya rumbun wani. Ga mai zaune a kudancin Nijar, inda wuta ke ɗaukewa kuma intanet ta salula ake sayenta da awo, dalilai da yawa sun karkata ga rumbun gida. Sai dai shi ma yana da sharuɗɗansa.

Abin da ajiyar girgije ke ci

Kamarar girgije tana da sauƙin kafawa: a jona ta da wuta, a haɗa ta da wifi, a sauke manhaja a salula. Tana kuma da wata fa'ida ta gaske, domin ko ɓarawo ya cire kamarar ya tafi da ita, hoton da ta riga ta tura yana nan.

Matsalar farko lissafi ne. Kamara ɗaya mai tura megabit 2 a kowace daƙiƙa, idan ta yi aiki dare da rana, tana cinye kusan giga 21 da rabi a kwana guda, wato wajen giga 650 a wata. Babu forfen salula na gida da zai ɗauki wannan. Shi ya sa yawancin irin waɗannan kamarori ba sa tura komai sai guntun hoto na ƴan daƙiƙoƙi idan sun ga motsi, kuma kamfanoni da yawa sai an biya kuɗin wata-wata suke adana shi. Idan layin intanet ya katse a daidai lokacin da abu ke faruwa, ba abin da zai isa can.

Matsala ta biyu, ran kamarar yana hannun kamfanin. A watan Afrilun 2024 kamfanin Google ya daina tallafa wa kamarorin Dropcam, waɗanda mutane suka saya da kuɗinsu, suka wayi gari manhajar ba ta hulɗa da su. Kamarar lafiyarta ƙalau, amma an rufe rumbun da take kai kaya.

Matsala ta uku ta shafi sirrin gida. A watan Maris na 2021 wasu masu kutse sun shiga kamfanin Verkada na Amurka, suka samu damar leƙa kamarori kusan dubu 150 da ke asibitoci da makarantu da gidajen yari. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zargi kamfanin Ring da sakaci, bayan wani ma'aikacinsa ya shafe watanni yana kallon hotunan mata da kamarorin ɗakunan kwana da na wanka suka ɗauka. Kamfanin ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 5 da dubu 800. A Fabrairun 2024 wata tangarɗa a kamfanin Wyze ta sa kusan mutum dubu 13 sun ga hotuna daga gidajen da ba nasu ba. Duk waɗannan manyan kamfanoni ne masu suna da adireshi, waɗanda hukuma ke iya tuhuma. Ƙaramar kamarar da ba a san ma sunan wanda ya ƙera ta ba, babu wanda za a tambaya.

Hanyoyi uku na ajiya a gida

Hanya mafi sauƙi ita ce kamara mai ɗaukar katin memuwar, irin na salula. Tana naɗa a cikin kanta, ba ta buƙatar wani akwati. Ta dace da ƙaramin shago ko ƙofa guda. Rauninta a fili yake: wanda ya cire kamarar ya tafi da shaidar. Haka kuma katin yana gajiya da yawan rubutu da gogewa, musamman a cikin zafi, kuma yakan mutu shiru ba tare da an sani ba. Akwai katuna da aka yi musamman domin naɗin dare da rana, su ya kamata a nema, tare da kiyaye jabu da suka cika kasuwa.

Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da yawancin gidaje, ita ce akwatin naɗi mai faifai a ciki. Iri biyu ne. DVR yana aiki da kamarori masu wayar eriya irin ta talabijin, kuma kowace kamara na buƙatar tata wutar ta bolt 12. Ya fi araha, kuma masu gyara da yawa sun saba da shi. NVR kuwa yana aiki da kamarorin da ke amfani da kebul irin na kwamfuta. Idan mai tsarin PoE ne, kebul guda ke kai wa kamara wuta ya kuma dawo da hoto, har tsawon mita 100. Amfanin haka babba ne: wuri guda kawai za a tanadar wa batir, duk kamarorin su ci gaba da aiki. Manyan masu ƙera waɗannan akwatuna su ne Hikvision da Dahua, dukkansu a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, sai wasu irin su Uniview da Reolink.

Hanya ta uku ta masu sanin kwamfuta ce: a ɗauki ƙaramar kwamfuta a sa mata manhajar naɗi. Frigate da ZoneMinder kyauta ne kuma a buɗe suke ga kowa; Blue Iris na kuɗi ne, a kan Windows yake aiki. Frigate na iya bambance mutum da dabba da mota a cikin gidan, ba tare da tura hoto ko'ina ba. A gidan da akwai awaki da kaji da mage, da inuwar dogon yaro da iska ke kaɗawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kamarar da ke buga ƙararrawa sau hamsin a dare, a ƙarshe kashe ƙararrawar ake yi. Wasu akwatunan NVR na zamani ma suna da wannan basira. Sai dai tsarin kwamfuta yana son mai kula da shi. Idan yaron da ya haɗa shi ya tafi karatu, ya kamata a san wanda zai tayar da shi ranar da ya tsaya.

Kalmomi biyu da za a nema a jikin kwali

Ko wace hanya aka zaɓa, akwai kalmomi biyu da ya kamata mai saye ya gani a kwali ko a takardar bayani: ONVIF da RTSP. ONVIF yarjejeniya ce da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 domin kamarar wani kamfani ta iya magana da akwatin wani. RTSP kuma ita ce hanyar da kamara ke miƙa hotonta kai tsaye ga duk na'urar da aka ba izini a cikin gida.

Kamarar da ke da waɗannan biyu mallakar mai ita ce. In akwati ya lalace bayan shekara uku, sai a sayi wani ko da na wani kamfani ne, kamarorin su ci gaba da aiki. Wadda ba ta da su kuwa, ba ta jin maganar kowa sai manhajar kamfaninta. Gwaji mai sauƙi a shago shi ne a ce mai sayarwa ya cire intanet gaba ɗaya, ya kunna kamara da akwati, a gani ko suna naɗa kuma ana iya komawa baya a kalli abin da ya wuce. In sai da intanet take aiki, to rumbunta ba a gida yake ba, ko me aka rubuta a kwali.

Wuta kafin komai

Kamara mafi tsada ba ta da amfani a daren da aka ɗauke wuta, kuma irin wannan dare ɓarawo ke jira. Mazauna ƙasar nan ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take sha, ta katse layi saboda takunkumin CEDEAO. Ko ba wannan ba, duk bazara idan zafi ya yi tsanani kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, NIGELEC kan raba wuta unguwa-unguwa.

Lissafin ba shi da wuya. Kamara guda na cin wat 5 zuwa 8, ta fi ci da dare idan fitilunta na gani a duhu sun kunna. Akwati da faifansa na cin wajen wat 10 zuwa 15. Kamara huɗu da akwati, a ƙiyasta wat 40, wato kusan kilowat guda na awa a kwana. Ƙaramin ondular na kwamfuta, mai batir ɗin amfiya 7 a ciki, da ƙyar ya riƙe wannan kaya awa guda. Aikinsa kare faifai daga ɗaukewar wuta ba zato. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat 1200 na awa, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake so a sha don ya daɗe. Ke nan zai riƙe tsarin awa 12 zuwa 15. Farantin sola mai wat 300 ya isa ya cika shi a ranar da babu hazo. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa kuma ya fi daɗewa.

Wani abin lura: DVR da kamarorinsa da bolt 12 suke aiki, don haka mai gyara da ya san aikinsa na iya haɗa su da batir ta hanyar na'urar daidaita wuta, ba sai an bi ta inbata ba. NVR mai PoE kuwa wajen bolt 48 yake so, dole ya bi ta cajarsa. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi kamara huɗu da batir ba, gara ya sayi biyu da batir.

Kwana nawa faifai zai riƙe?

Akwatin naɗi ba ya tsayawa idan faifai ya cika, tsohon hoto yake gogewa ya rubuta sabo. Don haka abin tambaya shi ne kwana nawa baya ake iya komawa. Kamara mai megabit 4 a daƙiƙa na cika kusan giga 43 a kwana. Huɗu irinta, giga 173. Faifai mai tera 2 zai riƙe kwana 11 ke nan. Idan kamarorin da akwatin suna da tsarin matse hoto na H.265, wanda ke rage nauyi da kusan rabi in aka kwatanta da H.264, faifan nan zai kai makonni uku. In aka saita naɗi sai an ga motsi, zai fi haka nesa.

Wannan lissafi na da muhimmanci saboda ba kowace sata ake ganewa a ranar ba. Ɗan kasuwar da ya je Kano ko Kwatano sayayya, ko mai gidan da ya tafi aikin Hajji, zai so ya tarar da hoton makonnin da ba ya nan. Ga kanti kuma, giɓin kaya sau da yawa sai ranar ƙidaya yake fitowa.

Faifan ma iri-iri ne. Akwai waɗanda aka ƙera domin rubutu dare da rana, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk. Tsohon faifan da aka ciro daga kwamfuta zai yi aiki na wani lokaci, amma ba don wannan wahala aka yi shi ba. Kwalaye da yawa ana sayar da su babu faifai a ciki, ko da wanda aka taɓa amfani da shi. A buɗe a gani kafin a biya.

Ganin mutum daban, gane shi daban

Masu talla sun fi son maganar megafiksel. Amma abin da ke sa a gane fuska shi ne yawan ɗigon hoto da ya sauka a kan fuskar. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kamarorin tsaro ta 2014 ta ce ɗigo 25 a kowace mita sun isa a san akwai mutum, 125 a gane wanda aka sani, amma sai 250 kafin a tantance baƙon fuska. Kamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Ke nan filin da take kallo bai kamata ya wuce faɗin mita 7 zuwa 8 ba in ana son fuska. Kamara mai faɗin gani, mai madubin milimita 2,8, tana kai wannan iyaka tun daga nisan mita 3 ko 4. Bayan nan siffa kawai take nunawa: wani mai farar riga ya wuce.

Darasin shi ne kada a nemi kamara guda ta kalli titi da fili da ƙofa gaba ɗaya. A ware guda ta fuskanci wurin da dole mutum ya bi, kamar ƙofar gida ko bakin zaure ko gaban teburin kuɗi, a kusa. Sauran su kalli fili. Tsayi ma haka: kamarar da aka ɗora can saman bene ba ta ganin komai sai hula da rawani. Mita 2 da rabi zuwa 3 ya fi, inda hannu ba ya kai wa da sauƙi amma fuska na fitowa.

Rana ma tana da tata. Ƙofar da ke kallon gabas ko yamma, da safe ko da la'asar, haske na mayar da mai shigowa baƙar inuwa. Kamara mai alamar WDR ta fi jure wannan. Da dare kuma yawancin kamarori na komawa baƙi da fari, launin tufafi da na babur ya ɓace, kuma mai gudu yakan fito a dishe. In akwai farin bango kusa da kamara, haskenta na dare zai bugi bangon ya dawo ya makantar da ita. Ƙwan fitila guda mai kyau a bakin ƙofa sau da yawa ya fi ƙarin megafiksel amfani.

Zafi, ƙura da tsawa

Yanayin ƙasar nan ba ya raga wa kayan lantarki. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. Kamarar waje ta kasance mai alamar IP66 ko IP67, wadda ƙura da ruwa ba sa shiga, kuma a sa ta ƙarƙashin ƴar rumfa. Ƙurar hunturu na rufe madubi sannu a hankali, hasken dare kuma na jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a gaban kamara. Goge madubi sau ɗaya a wata na daga cikin aikin.

Kebul shi ne inda ake yawan ha'inci. Na gaske jan ƙarfe ne zalla. Na jabu alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in an kankare shi da wuƙa sai ya fito fari. Yana karyewa da wuri kuma ba ya kai wuta nesa. A zura kebul cikin tiyo don rana da ɓera, kuma kada a bar shi a waje inda almakashi zai kai. Da damina, tsawa na iya bin dogon kebul ta ƙone akwati, don haka a sa na'urar kare tsawa da wayar ƙasa. Kamarar wifi tana rage aikin fasa bango, amma bangon siminti da rufin kwano na raunana ta, kuma duk da haka sai an ja mata wayar wuta.

Shi kansa akwatin naɗi, kada a ajiye shi kusa da talabijin a falo inda kowa ke gani. Ɓarawon da ya san abin da yake yi, shi zai fara ɗauka. A ɓoye shi a wuri mai kulle kuma mai iska, sannan a sa katin memuwar a kamarar ƙofa domin a samu kwafi na biyu.

Makulli a hannun wa?

Ajiya a gida ba ta hana kutse idan an bar ƙofa a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sa wa na'urori tun daga masana'anta, irin su admin da 12345. Da su ta kama dubban ɗaruruwan kamarori da akwatunan naɗi a duniya, aka yi amfani da su a watan Oktoban shekarar wajen kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. A 2021 kuma an gano wata kafa a kamarorin Hikvision da dama wadda ke ba mai kutse iko da kamara ba tare da kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma sai wanda ya sabunta manhajar kamararsa ya amfana.

A nan gida, haɗarin da ya fi kusa shi ne na wanda ya kafa tsarin. Sau da yawa mai gyara shi ke zaɓar kalmar sirri, kuma da salularsa yake fara gwada gani daga nesa. In bai cire asusunsa ba, yana iya kallon gidan daga duk inda yake, ko da bai yi niyyar haka ba. In salular ta ɓace ko ya sayar, damar ta bi ta. Ranar da aka gama aiki, mai gida ya zauna da shi, ya canza kalmar sirrin akwati da ta kowace kamara da hannunsa, ya duba jerin asusun da ke ciki, ya tabbatar da lambarsa ko adireshinsa aka yi rajista. In akwai maigadi ko yaron kanti da zai riƙa kallo, a buɗe masa nasa asusun na kallo kawai, wanda ba ya iya gogewa.

Gani daga nesa yana da hanyoyi uku. Mafi yaɗuwa ita ce ɗaukar hoton lambar QR da ke jikin akwati, inda hoton ke bi ta kwamfutocin kamfanin kafin ya iso salula. Faifai na gida, amma hanyar ta wani ce. Ta biyu ita ce buɗe ƙofa a akwatin wifi domin a shigo kai tsaye daga intanet. Ita ce mafi haɗari, kuma a layukan salula irin na Airtel da Moov da Zamani galibi ba ta ma aiki. Ta uku, wadda ta fi tsaro, ita ce keɓaɓɓen layi na VPN, da manhaja irin WireGuard ko Tailscale, wanda ke sa salula ta zama kamar tana cikin gidan. Wanda ba ya buƙatar gani daga nesa kuwa, ya bar akwatin babu intanet sam, ya huta. Mai kallo a salula ya zaɓi ƙaramin hoto, wanda minti 10 ba ya cin fiye da mega 40.

Tsakar gida, maƙwabta da doka

Ba duk inda kamara ke iya kallo ya kamata ta kalla ba. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya raba waje da ciki: baƙo iyakarsa zaure, tsakar gida ta mata da yara ce. Kamarar da aka juya tsakar gida tana naɗe abin da ko ɗan'uwan mai gida ba ya shiga ya gani sai da sallama. Ƙofa, katanga ta waje, wurin ajiye mota da babur, garken dabbobi da ɗakin kaya, nan ne wurinta. In dole sai an sa a ciki, matan gidan su sani kuma su yarda, ƴan aiki ma a gaya masu.

Haka kamarar da ke saman bene tana iya leƙa gidan maƙwabci, ta jawo rigimar da ta fi satar da ake gudu. Kusan kowane akwati na da hanyar rufe wani sashe na hoto da baƙin tabo. A rufe, a kuma kira maƙwabcin ya gani da idonsa.

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido kan aiwatar da ita. Fuskar mutum da aka naɗa bayani ne da ya shafe shi. Mai kanti ko makaranta ko asibiti da zai ɗauki hoton jama'a, ya kamata ya nemi bayani daga hukumar kan abin da doka ta ɗora masa, ya kuma kafa allo mai sanar da cewa akwai kamara.

Akwai kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Wanda aka yi wa sata, zuciya kan ɗebe shi ya watsa hoton a WhatsApp ko Facebook da sunan wanda yake zargi. Hoton dare a dishe yake, kama kuma da yawa take. In aka yi kuskure, an jefa marar laifi cikin haɗarin duka a hannun jama'a, mai kayan kuma ya koma wanda ake ƙara. Wurin kai hoto shi ne komisariya ko birgad ɗin jandarma.

Kafin a biya cikon kuɗi

Hoton da za a kai wa hukuma sai agogonsa ya yi daidai. Akwatuna da yawa na zuwa da lokacin ƙasar Sin, wanda ya riga na Nijar da awa 7, wasu kuma na komawa tsohuwar shekara duk lokacin da wuta ta ɗauke saboda ƙaramin batirin agogonsu ya mutu. A saita, a kuma riƙa dubawa.

Kafin mai gyara ya karɓi cikon kuɗinsa, a yi gwaji huɗu. A sa wani ya shigo ta ƙofa da tsakar rana da kuma bayan isha'i, a gani ko ana gane fuskarsa. A kashe wutar gidan daga mita, a gani ko naɗi ya ci gaba. A cire intanet, a koma baya a kalli abin da ya faru jiya. Sannan mai gida da kansa ya kwafi minti biyar a kan kilen USB ya buɗe a wata kwamfuta, domin ranar da ake buƙata ba ranar koyo ba ce. A karɓi takardar saye da ta garanti, da sunan kowace na'ura a rubuce.

Daga nan sai a ɗauki al'adar leƙa akwatin sau ɗaya a mako. Faifai na iya mutuwa alhali allo na ci gaba da nuna hoton kai tsaye, a yi wata shida ana zaton ana naɗa. Kamara ba ta maye gurbin ƙofa mai ƙarfi da kwaɗo mai kyau da zaman lafiya da maƙwabta. Abin da take yi shi ne ajiye shaida. Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Duk lissafin batir da faifai da kalmar sirri domin wannan rana ɗaya ake yin sa.